Daga Hillacondji zuwa Sèmè: yashin ƙasan teku na tafiya, Malanville ma na cikin lissafin

Tun ƙarshen watan Yulin 2023, duk hirar kasuwanci a Malanville kan gada take komawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyaka. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, ɓangaren Nijar bai buɗe nasa gefen ba. Kayan da suka saba bin hanyar Kwatano, Parakou, Kandi zuwa Gaya sun karkata ta Lome da Burkina Faso, ƴan ƙananan kaya kuma suka koma kwale-kwale. Kowa a nan ya ga abin da ke faruwa idan aka tare hanyar da kaya suka saba bi: wani gefe ya cika ya tumbatsa, wani gefe ya bushe.

Akwai wata hanya da aka tare a ƙasar nan tun kimanin shekara sittin da suka wuce, kuma har yau ana biyan kuɗin tarewar. Hanyar yashi ce, wadda ke bin bakin teku daga yamma zuwa gabas, daga Gana ta ratsa Togo da Benin ta shiga Najeriya. Ba a ganinta daga tudu, domin yawancin tafiyar a ƙarƙashin ruwa take, a ɗan zirin nan da igiyar teku ke karyewa. Yanzu da tashoshin jiragen ruwa na Lome da Kwatano da Legas ke rige-rigen kayan ƙasashen Sahel, kowace na ƙara zurfi da tsawon katanga, ya kamata mu da ke nesa da teku da fiye da kilomita 700 mu fahimci yadda wannan hanya ke aiki. Da kuɗinmu ake gyaranta, ƴan uwanmu kuma na zaune a bakinta.

Abin da ke gudana a ƙarƙashin kumfa

Mutumin Malanville ko Gaya ko Karimama ba baƙon tafiyar yashi ba ne. Idan ruwan kogin Isa ya ja baya, ana ganin tudun rairayi ya fito inda bara jirgi ke wucewa, mashigin da aka sani kuma ya koma wani wuri. Masu tuƙin jirgi kan sake koyon hanya kusan kowace shekara. Har shari'ar iyaka ta taɓa rataya a kan haka: a hukuncin da Kotun Duniya ta yanke ranar 12 ga Yulin 2005 tsakanin Benin da Nijar, wanda ya ba Nijar tsibirin Lété, alƙalai sun bi layin da ya fi zurfi a babban mashigin jirage na kogin, kamar yadda yake a lokacin samun ƴancin kai. Sai da suka ɗaure layin da wani lokaci, domin sun san ƙasan kogi ba ya zama wuri guda.

Na teku ya fi haka sauri da ƙarfi. Igiyoyin da ke dukan gaɓar Benin ba iskar Kwatano ce ke tayar da su ba. Guguwa ce ta can kudancin tekun Atlantika, dubban kilomitoci daga nan, ke haifar da su. Suna yin doguwar tafiya, su iso a jere, da tazarar daƙiƙa goma ko fiye tsakanin ɗaya da mai bi mata, tsayinsu mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a yawancin kwanaki, fiye da haka a tsakiyar shekara, lokacin da hunturun kudancin duniya ke kan ganiyarsa. A zurfin teku irin wannan igiya ba ta taɓa ƙasa. Tana matsowa inda ruwa ya yi kaɗan sai ta fara jan ciki a kan yashi, ta miƙe tsaye, ta kife. Wannan kifewar ce ke tono yashi ta cakuɗa shi da ruwa.

Daga nan yashin na da tafiya iri biyu. Ta farko ita ce shiga da fita. A watannin da teku ke fushi, ruwan da igiya ta jibga a gaci yana komawa ta ƙasa da ƙarfi, ya kwashi yashin bakin gaɓa ya kai shi ciki, ya tara shi ya zama kamar kunyar gona a ƙarƙashin ruwa, da kwari tsakaninta da gaci. Kunyar nan tana da amfani, domin a kanta manyan igiyoyi ke fara karyewa, su rage kaifi kafin su iso tudu. Idan teku ya lafa, ƙananan igiyoyi kan tura yashin sannu a hankali su mai da shi gaci. Shi ya sa wanda ya ziyarci Fidjrossè a watan Agusta ya sake komawa a Janairu zai ga kamar an canza masa wuri. Wannan ba asara ba ce, aro ne da ake mayarwa, muddin yashin bai zarce wani zurfi da igiya ba ta iya ɗago shi ba. Abin da ya wuce wannan zurfin, ko aka kwashe shi da tipa, ya fita daga asusun ke nan.

Tafiya ta biyu ita ce ta fi shafar siyasa. Gaɓar Benin na fuskantar kudu, igiyoyin kuwa daga kudu maso yamma suke zuwa, a karkace. Kowace ta karye sai ta ɗan tura ruwa da yashi zuwa gabas. Ɗaya ba komai ba ce, amma dubbai ne a rana, kuma kusan duk shekara daga gefe guda. Masana na ƙiyasta yashin da ke wucewa ta wannan gaɓa da kusan mita kubik miliyan guda a shekara, abin da ya sa ake lissafa ta cikin mafiya ƙarfi a duniya. Idan aka auna da tipa mai ɗaukar mita kubik goma, tipa dubu ɗari ke nan a shekara, kusan 270 kowace rana, duk sun nufi Najeriya, babu takarda babu kwastan.

Turawan mulkin mallaka sun san zafin wannan ziri tun kafin a auna shi. Sun kira shi la barre, kuma tsoronsa ne ya sa Faransawa suka gina doguwar gadar ƙarfe a Kwatano a ƙarshen ƙarni na 19, don a sauke kaya bayan inda igiya ke karyewa. Gadar na tsaye ne a kan ƙafafu, yashi na ratsawa ta ƙarƙashinta. Abin da ya gaje ta bai bar wannan ƙofa ba.

Yadda aka tare hanyar

A 1965 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Kwatano da katangunta na duwatsu da suka miƙe cikin teku. A wannan shekarar ce kuma aka kammala madatsar Akosombo a kan kogin Volta a Gana, kogin da bakinsa ya daɗe yana ciyar da gaɓar nan da yashi. A 1968 tashar Lome ta biyo baya. A 1987 aka gama madatsar Nangbéto a kan kogin Mono, wadda Togo da Benin suka yi tarayya a kanta. Cikin shekara ashirin da ƴan kai, an rage abin da ke shigowa daga koguna, an kuma kafa shinge biyu a tsakiyar hanya.

Sakamakon iri ɗaya ne a kowace tasha. A yamma da katanga yashi ya taru, gaɓa ta faɗaɗa, aka samu sabon fili. A gabas kuwa igiya ba ta daina aikinta ba. Tana nan tana kwasar rabonta na kowace rana, sai dai babu mai zuwa ya maye gurbin abin da ta kwasa. Sai ta fara cin ƙasan teku na kusa da gaci, ya ƙara zurfi, manyan igiyoyi suka samu damar isowa har tudu ba tare da sun karye a nesa ba. Wannan ne abin da mai kallo daga gaɓa ba ya gani. Kafin gida ya rufta, ƙasan ruwan da ke gabansa ya riga ya rame da daɗewa.

A gabashin Kwatano, wajen Akpakpa da Donaten, teku ya yi ta cin fiye da mita goma a shekara a wasu wurare, ya haɗiye gidaje da otal-otal da titunan unguwa. A Togo, tsohuwar hanyar Lome zuwa Aného ta shige ruwa, wadda aka gina a madadinta ita ma ta bi ta. A Grand-Popo, wani sashe na tsohon garin, inda ƴan kasuwar zamanin da suka yi gine-ginensu, yana ƙarƙashin teku. Legas ta riga kowa ɗanɗana wannan: katangun bakin mashiginta, waɗanda aka gina tsakanin 1908 zuwa 1912, su suka jawo cinyewar Bar Beach na tsawon shekaru, har aka zo aka cike wurin da yashin teku aka kafa Eko Atlantic a bayan wata doguwar katanga. Ƙauyukan da ke gabas da shi, a zirin Lekki, su ke kuka yanzu.

Ana yawan ɗora komai a kan sauyin yanayi, musamman a taruka da takardun neman tallafi. Gaskiya ne teku na ƙara tasowa, milimita uku zuwa huɗu a shekara a matsakaicin duniya, kuma a gaɓa mai ƙasa-ƙasa irin tamu, da tafkuna a bayanta, wannan ba abin wasa ba ne nan gaba. Amma milimita huɗu ba su ke cin mita goma a Donaten su bar yashi na taruwa a ɗaya gefen tashar ba. A ganina, yawan ambaton sauyin yanayi ya zame wa gwamnatocin gaɓar nan mafaka, domin laifin da aka ɗora wa duniya baki ɗaya ba ya da mai biya a gida.

Hannunmu ma na ciki ta wata fuska. Shekara da shekaru da yashin bakin teku aka gina Kwatano, tipa na layi a wajen Sèmè suna lodi. Sai a 2008 gwamnati ta fitar da dokar hana ɗibar yashi a gaɓar teku, aka tura masu sana'ar zuwa tafkuna da fadamu. Dokar ta yi daidai. Ta dai zo ne bayan an kwashi na shekaru daga gefen da ya riga ya kamu da yunwa.

Duwatsu, yashi da bashi

Maganin farko da aka runguma shi ne jera yatsun duwatsu daga gaci zuwa cikin ruwa, waɗanda injiniyoyi ke kira épis, don kowane ya riƙe ɗan yashi a gefensa na yamma. Tsakanin 2012 zuwa 2014 an gina guda bakwai a gabashin Kwatano da rancen asusun ƙasashen Larabawa da na Musulunci. A 2017 gwamnatin Patrice Talon ta shiga kashi na biyu, aka ƙara wasu, aka zuba yashin da aka yaso daga cikin teku. Wanda ya san Akpakpa a da ya ga bambanci, kuma bai kamata a raina shi ba: unguwannin da ake ta ƙaura daga cikinsu sun samu numfashi, filayen da ba mai so sun sake daraja.

Sai dai yatsan dutse ba ya haifar da ƙwayar yashi ko ɗaya. Abin da ya riƙe, daga bakin na gaba ya ƙwace. Bayan yatsa na ƙarshe cin ƙasa kan sake farawa, sau da yawa da ƙarfi fiye da da. Gana ta kare Keta a farkon shekarun 2000, ƙauyukan da ke gabas da aikin, wajen iyakar Togo, suka ga teku ya matso musu. Togo ta kare Aného, Hillacondji da ke gefenmu na iyaka ta shiga uku. Maƙwabci ya gyara indararonsa, ruwan ya zubo gidanka, kai ma ka gyara naka ka tura wa na gaba.

Wannan ne ya sa aikin da ya fi jan hankalina shi ne na haɗin gwiwar Togo da Benin a ƙarƙashin shirin WACA na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2018 don ƙasashe shida na yammacin Afirka. A ƙarshen 2022 kamfanin Boskalis na ƙasar Holan ya fara aiki a zirin da ya tashi daga Agbodrafo a Togo zuwa Grand-Popo, da kwangila guda ta sama da sefa miliyar 40. A gefen Benin an kafa yatsun duwatsu takwas wajen Hillacondji, sannan aka jibge yashi mita kubik miliyan 6.4 a gabas da su, don igiya da kanta ta riƙa ɗiba tana rarraba shi a gaɓar da ke gaba. Dabarar daga Holan aka aro ta, inda a 2011 suka jibge mita kubik miliyan 21.5 a wuri guda kusa da birnin Hague suka bar teku ya yi rabon.

Abu biyu ne sababbi a nan. An karɓi gaskiyar cewa yashin zai tafi, aka sa tafiyar cikin lissafi maimakon a yi faɗa da ita. An kuma zana aikin a kan taswira ɗaya ta ƙasashe biyu. Amma a dubi adadin da kyau. Miliyan 6.4 ya yi daidai da abin da tekun nan ke turawa gabas cikin kimanin shekara shida. Ba ana nufin zai ƙare a shekara shida cif ba, domin wani yashin na shigowa daga yamma, yatsun kuma na rage gudu. Ana nufin dai rumbu ne aka cika, kuma rumbu na ƙarewa. Tekun Holan ma bai kai namu turawa gefe guda ba, ga shi su suna da kasafin da suke ware wa zuba yashi kowace shekara. Tambayar da ban ji an amsa a fili ba ita ce wa zai sake cika rumbun Hillacondji, da kuɗin wa.

Ga kuma wurin da aka haƙo yashin. Daga ƙasan teku aka yaso shi. Idan ramin na can nesa, bayan zurfin da igiya ke motsa ƙasa, babu damuwa sosai. Idan ya matso kusa, yana iya sauya yadda igiya ke lanƙwasa kafin ta iso gaci, ko ya zama tarkon da zai riƙa haɗiye yashin gaɓa. Haka ita ma katangar da kamfanin Jan De Nul na Beljiyam ya shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa a Avlékété, kusa da Ouidah, daga ƙarshen 2018, don kwantar da igiya saboda masu yawon buɗe ido. Duk abin da ya kwantar da igiya a wuri ɗaya yana rage gudun yashi a wurin, wanda ke gabas kuma shi zai ji a jikinsa. Ba a sanin girman abin sai an auna, shekara bayan shekara.

Awo shi ne inda muka fi rauni. A 2013 masu bincike na cibiyar IRHOB ta Benin da takwarorinsu na IRD ta Faransa suka kafa kyamara a kan wata hasumiya a Grand-Popo tana ɗaukar hoton gaɓar kullum, a Maris 2014 kuma suka yi kwanaki suna auna igiya da gudun ruwa da sauyin ƙasa a wurin. Aikin ya nuna siffar gaɓar: gangare mai tsauri a sama, da wani shimfiɗaɗɗen dakali na yashi a ƙasansa da ke bayyana idan ruwa ya janye, kuma siffar na iya canzawa cikin kwanaki kaɗan idan manyan igiyoyi suka iso. Irin wannan aiki kuɗinsa bai kai na yatsan dutse guda ba. Yau ma ana iya ƙiyasta zurfin ruwan kusa da gaci daga hotunan tauraron ɗan Adam na Sentinel-2, waɗanda Tarayyar Turai ke bayarwa kyauta, ta hanyar duba yadda igiya ke rage gudu. Amma dutse ana iya yanka masa kintinkiri a gaban kyamarar talabijin, ma'aikacin da ke bin ƙasan teku da na'ura kowane wata kuwa ba mai ɗaukar hotonsa. A makarantunmu ma haka abin yake: ɗalibi na zana gaɓar Benin da layi ɗaya miƙaƙƙe mai kilomita 125, ya ci makinsa, ba wanda ya gaya masa layin na motsi.

Ina ruwan Malanville

Wani zai ce wannan damuwar mutanen kudu ce, mu da ambaliyar kogi da rufewar gada sun ishe mu. Lissafin bai yarda da haka ba. Wani rahoton Bankin Duniya na 2019 ya ƙiyasta cewa lalacewar yankin gaɓa, wato zaizaya da ambaliya da gurɓata, ta ci wa Benin da Togo da Kodebuwa da Senegal dala miliyar 3.8 a shekarar 2017 kaɗai, kashi 5.3 cikin ɗari na abin da ƙasashen huɗu suka samar. Ya kuma nuna kusan kashi biyu cikin uku na gaɓar Benin na ja da baya, da matsakaicin mita huɗu a shekara. Yawancin kuɗin da ake kare gaɓar da su rance ne, kuma baitulmali ɗaya ke biya, wanda mai albasa a kasuwar Malanville da mai shinkafa a fadamar kogi ke zuba wa haraji. Duk miliyar da ta tafi gyaran abin da katangar tasha ta ɓata, ba ta zo ga ganuwar kare gonakinmu daga ambaliya ba.

Bututun man Nijar, mai tsawon kusan kilomita 2000 daga Agadem, wanda ya tsallako kogi a yankinmu, a Sèmè-Kpodji ya ƙare, inda jirgin farko ya yi lodi a watan Mayun 2024. Sèmè na gabas da Kwatano, wato a gefen da hanyar yashi ta fi ramewa, tsakanin yatsan dutse na ƙarshe da iyakar Najeriya. Tankunan na tudu, jiragen na lodi can cikin teku, bututun da ya haɗa su kuwa dole ya ratsa ta zirin nan da ƙasansa ke hawa da sauka. Injiniyoyi sun san yadda ake binne bututu a irin wannan wuri, ba ina cewa yana cikin haɗari gobe ba. Ina cewa ne Yamai, wadda ba ta da ko taku ɗaya na bakin teku, yanzu tana da dukiyar da lafiyarta ta dogara da yadda Kwatano ke kula da yashinta. A duk taƙaddamar da aka yi kan bututun, ta tsaro da ta kuɗin fito, wannan batu bai samu shiga ba.

Sai mutanenmu. Hausawa da Dandawa da Zabarmawa sun cika Zongon Kwatano da Dantokpa, suna Lome da Aného da Sèmè-Kraké, mahauta da masu gadi da ƴan canji da masu tura baro. Baƙo mai ƙaramin ƙarfi shi ke kama haya a inda ƙasa ta fi araha, wato inda teku ko tafki ke barazana, kuma idan aka zo tashin unguwa don aikin kare gaɓa, mai takardar fili ake biya diyya, ɗan haya ya ɗauki tabarmarsa. Ga kuma wani abu da ya kamata limaman zango su riƙa faɗa kafin kowace Sallah. Kunyar yashin nan ta ƙarƙashin ruwa tana da ɓaraka a wurare. Ruwan da igiya ta tara a gaci ta nan yake komawa ciki da gudu, kamar an fasa kunyar fadama. Wurin kan yi kama da ya fi ko'ina kwanciya, domin igiya ba ta karyewa a kansa, shi ya sa yaron da ya koyi iyo a kogin Isa ke zaɓarsa. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawar komawa gaci kai tsaye; ya yi iyo a gicciye, ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga magudanar, domin ba ta da faɗi sosai. Ɓarakar kuma na canza wuri, inda aka yi wanka lafiya bara ba shaida ba ne a bana.

Abin da ba a son taɓawa

Akwai maganin da ya fi kusa da tushen ciwon, kuma ba sabo ba ne: a ɗebi yashin da ya taru a yamma da katangar tasha a tsallakar da shi gabas, a mayar da shi kan hanyarsa. Durban a Afirka ta Kudu ta daɗe tana haka, tana yaso yashi daga gefen da yake taruwa tana tura shi ta bututu zuwa gaɓar birnin. A bakin kogin Tweed a Ostareliya, tun 2001 famfuna ke tsallakar da kusan rabin miliyan na mita kubik a shekara. A Kwatano kuwa hanyar da aka bi ita ce ƙara tsawon katangar tare yashi, don kada ya zagayo ya cike mashigin jirage. Ta fuskar tasha wannan hikima ce, yana rage mata kuɗin yasa. Ta fuskar Donaten da Sèmè, ƙarin shekaru ne na yunwa.

Dalilin jan ƙafa ba ɓoyayye ba ne. Tsallakar da yashi aiki ne na kowace shekara, ba ya ƙarewa, kuma masu ba da rance sun fi son aikin da ke da ranar farawa da ranar miƙa makulli. Idan aka ce tasha ta biya daga kuɗin shigarta, za ta ɗora a kan kowace kwantena, a daidai lokacin da take neman maido da ƴan kasuwar Nijar da suka saba da Lome. Babu tashar da za ta yarda ta fara ita kaɗai ta ƙara tsada alhali maƙwabciyarta ba ta yi ba. Saboda haka ba na ganin mafita a ƙasa ɗaya. Sai dai ƙa'ida guda da za ta hau kan Tema da Lome da Kwatano da Legas a lokaci ɗaya, ta ce duk wanda ya tare yashi shi zai tsallakar da shi. UEMOA na da tsarin sa ido kan gaɓar yammacin Afirka wanda cibiyar CSE ta Dakar ke jagoranta, amma sa ido daban, tilastawa daban, kuma Najeriya da Gana ba mambobin UEMOA ba ne.

A halin da ake ciki gini bai tsaya ba. Tashar Lekki ta fara aiki a 2023. Najeriya ta amince da shirin wata babbar tasha a Badagry, ƴan kilomitoci daga iyakarmu, an kuma daɗe ana maganar wata mai zurfi a Sèmè-Kpodji. Kowace daga cikinsu sabuwar katanga ce a kan hanya guda. Kafin a aza dutsen farko na ko wacce, ƴan majalisar da ke wakiltar Alibori, da ƙungiyoyin ƴan kasuwa da masu motocin dakon kaya da ke cin abinci da wannan hanya, suna da hurumin neman a buga adadi biyu a fili: mita kubik nawa katangar za ta tare a shekara, kuma a kasafin wa aka rubuta kuɗin tsallakar da su.